Tsakanin Rufin Asiri Da Haƙƙin Iyali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata mas'ala wadda ake jin nauyin kawo ta a majalisin malamai, alhali kuwa tana kwance a gidaje da yawa na ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kamar yadda take a sauran ƙasashen Hausa. Mas'alar kuwa ita ce ta mutumin da ya kusanci wadda bai taɓa kusanta ba, ko ta hanyar sabon aure, ko kuwa, Allah Ya kiyaye, ta hanyar saɓo, sa'an nan ya koma ga iyalinsa bai san abin da yake ɗauke da shi a jikinsa ba. Shin wajibi ne ya je a gwada jininsa? In an gwada an sami cuta, wajibi ne ya faɗa? To, ina kuma umurnin da Shari'a ta yi wa mai laifi na ya rufa wa kansa asiri?

A ɗauki misalin wani magidanci daga ƙauyukan Gwiwa, mai mata biyu. Da aka kawar da amfanin gona ya tafi ci-rani Legas kamar yadda dubban 'yan'uwansa suke yi kowace shekara. A can Shaiɗan ya rinjaye shi dare ɗaya. Gari na wayewa nadama ta kama shi, ya tuba tuba ta gaskiya, ya yi niyyar har abada ba zai koma ba. Bayan mako biyu ga shi a mota, an wuce Kano an kama hanyar Kazaure, matansa na can sun share ɗaki suna jira. Ya taɓa ji a wurin karatu cewa wanda ya afka wa irin wannan ƙazanta ya suturta kansa, kada ya ba kowa labari. Wannan gaskiya ne. Amma tuba tana shafe zunubi ne, ba ta kashe ƙwayar cuta. In akwai ta a jininsa, tana nan daram, kuma wadda za ta fara kwasa ita ce baiwar Allah wadda ba ta ci ba ba ta sha ba.

Kafin a yi hukunci a kan abu sai an san yadda abin yake, haka malaman usulu suka koyar. Saboda haka ya kamata a fara da abin da likitoci suka tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana ana samun sababbin kamuwa fiye da miliyan 1 na cututtukan saduwa waɗanda ake iya warkarwa, kuma mafi yawan masu su ba sa jin alamar komai. Ciwon sanyi yakan bayyana ga namiji cikin 'yan kwanaki, da zafin fitsari da fitar mugunya, amma mace takan daɗe da shi ba ta sani ba, har ya hau ya toshe hanyar ƙwai, ta rasa haihuwa, dangin miji su riƙa kiranta juya. Jaririn da aka haifa ta hanyar da ke da wannan ciwo yana iya makancewa in ba a yi masa magani ba. Haka wata 'yar'uwarsa da ake kira kilamidiya take yi, ita ma a ɓoye. Tunjere kuwa yakan fara da ɗan gyambo marar zafi, tsakanin kwana 10 zuwa 90 bayan saduwa, galibi wajen mako 3, sa'an nan gyambon ya warke da kansa, mai shi ya ɗauka ya rabu da shi, alhali ciwon ya shige jini ne. Yana sa ɓari da haihuwar ɗa ba rai, ga shi kuwa allurar fenisilin tana kashe shi. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini da saduwa da haihuwa, kuma yana da rigakafi. Sai ƙanjamau, wanda aka fara ba da labarin samunsa a Nijeriya a 1986, wanda mutum kan yi shekaru da ƙwayarsa yana ƙiba yana sheƙi.

Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar HIV, kuma jimillar masu ɗauke da ita a lokacin ta kai wajen miliyan 1.9. Jihar Jigawa tana cikin mafi ƙaranci, da kashi 0.3 cikin 100. Wannan abin godiya ne ga Allah. Sai dai kashi 0.3 yana nufin mutum 3 a cikin kowane 1,000, kuma gidan da abin ya faɗa wa, ƙididdiga ba ta rage masa komai.

Akwai kuma wani abu wanda jama'a da yawa ba su sani ba, kuma a kansa ne rabin mas'alar ya rataya. Gwaji ba ya ganin cuta washegarin kamuwa. Gwajin gaggawa na ƙanjamau, wanda ake tsaga yatsa a ɗiga jini, yana neman martanin da jiki ya mayar wa ƙwayar ne, kuma wannan martani yakan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin ya bayyana. Gwajin ɗakin bincike na jinin jijiya yakan gani tsakanin kwana 18 zuwa 45. Tunjere ma sai an kai wajen wata 3 kafin a saki jiki da sakamakonsa. Ciwon sanyi da kilamidiya kuwa ana iya gane su bayan kamar mako 2. Watau mutumin da ya yi gwaji mako ɗaya bayan abin ya faru, aka ba shi takarda cewa ba a ga komai ba, takardar ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta wanke shi ba. Har ila yau akwai maganin da ake sha kwana 28 domin tare ƙwayar HIV kafin ta zauna, da sharaɗin a fara shi cikin sa'a 72. Wannan ya shafi wadda aka yi wa fyaɗe ƙwarai. Iyayen da suka ɓoye 'yarsu a ɗaki kwana uku don gudun magana, sun bar ƙofar da za a cece ta ta rufe.

To, a koma ga Shari'a. Rufin asiri asali ne mai ƙarfi. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin sahabin da ya ba Ma'izu shawarar ya je ya yi iƙirari, aka nuna masa cewa da ya suturta shi da ya fi masa alheri. Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda Allah Ya rufa masa asiri da dare, shi kuma ya wayi gari yana tallar abin da ya yi. Saboda haka babu malamin da zai ce wa wancan ɗan ci-rani ya tara matansa ya ba su labarin daren Legas. Faɗar ba ta cikin sharuɗɗan tuba, kuma tana iya rushe gida ba tare da wani amfani ba.

Amma akwai asali na biyu wanda ƙarfinsa bai gaza na farko ba, shi ne haramcin cutar da wani, wanda malaman fiƙihu suka mai da shi ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin da aka gina hukunce-hukunce a kansu. An ruwaito hani ga mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya ɗaya da masu lafiya. In an kiyaye haƙƙin raƙumin maƙwabci haka, ina ga matar da aka karɓo daga hannun ubanta da amanar Allah?

Wanda ya duba da kyau zai ga asalan nan biyu ba su yi karo ba, domin kowane da wurinsa. Saɓon da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, shi ne abin da aka ce a suturta. Cutar da ke jikinsa kuwa, da zarar tana iya tsallakawa zuwa jikin wani, ta fita daga babin haƙƙin Allah ta shiga babin haƙƙin bayi, kuma an san haƙƙin bayi istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Wanda ya sanya sunan sutura a kan ɓoye cuta, ya ɗauki rigar da aka ba shi don rufe aibinsa ya rufe ramin da matarsa za ta faɗa.

Malaman Malikiyya ba baƙi ba ne ga wannan magana. Duk ɗalibin da ya karanta babin aure a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko Muhtasar na Halil, a zauren malaminsa, ya san akwai aibobin da ke ba da zaɓin warware aure in an ɓoye su: hauka, da kuturta, da albaras, da cututtukan al'aura masu hana zaman aure. Dalili shi ne aure ba ya ginuwa a kan algus. Musulunci ya hana mai sayar da hatsi ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, balle mai neman 'yar mutane. A kan wannan tafarki ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta bi a zamanta na Abu Dabi a 1995, inda ta yanke cewa sanya wa wani ƙanjamau da gangan haram ne mai jawo uƙuba, cewa mace tana da ikon neman rabuwa da mijin da ke ɗauke da shi, kuma cewa ba a wajabta killace mai cutar ba, tun da ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko gaisawa ko zama wuri ɗaya.

Daga nan hukuncin gwaji ya fito da kansa. Kare iyali daga cuta wajibi ne, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Mutumin da ya san ya shiga haɗari ba shi da wata hanya ta sanin halinsa sai gwaji, domin an riga an ga cewa jin ƙarfin jiki ba shaida ba ne. Ashe kuwa abin da ya hau kan ɗan ci-ranin nan shi ne ya biya ta asibiti, ko a Kano, ko Babban Asibitin Kazaure, ko na Babura, ko inda ba a san shi ba in kunya ta dame shi, ya gaya wa likita gaskiyar ranar da abin ya faru. Faɗa wa likita don neman magani ba tallar zunubi ba ce, lalura ce, kamar buɗe masa al'aura. Sa'an nan ya bi abin da aka ce masa: ya ƙaurace wa shimfiɗa, ko ya yi amfani da kwaroron roba, har lokacin da za a sake gwajin ya cika.

Mai tambaya zai ce, to me zai gaya wa matansa a tsawon wannan lokaci? A nan ne ɗacin yake, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Yana iya cewa likita ya umurce shi da ya dakata har a gama binciken jininsa, wannan kuwa gaskiya ce, ba a tilasta masa ya ƙara komai a kai ba. Mai yiwuwa ne uwargida ta yi shiru ta gane. Mai yiwuwa ne amarya ta yi fushi ta tafi gida. Wannan farashi ne, kuma shi ya jawo shi. Amma a auna shi da ɗaya gefen: mace biyu, da cikin da ɗayarsu za ta ɗauka, da jaririn da zai sha nono. Idan manyan ɓarna biyu suka haɗu, ana ɗaukar mafi sauƙi don kauce wa mafi girma. In kuwa sakamako ya nuna akwai cuta bayan ya riga ya kusance su, to babu sauran zaɓi, sai kowace ta san tana bukatar gwaji da magani. Ciwon sanyi in an yi wa miji magani an bar mata, zai dawo masa, ya zaga gidan kamar yadda kwana yake zagawa. Wanda ya sha maganinsa a ɓoye ya bar matarsa tana fama da ciwon mara shekara da shekaru, ya ƙara zalunci a kan saɓo.

Kada kuma a ɗauka maganar ta masu saɓo ce kaɗai. Mafi yawan sababbin shimfiɗu a ƙasar nan na halal ne: bazawara ta yi sabon aure, magidanci ya ƙara ta biyu ko ta uku, wanda matarsa ta rasu ya sake. Kowannensu yana zuwa da tarihin jikin wanda ya zauna da shi a da. Mace tana da idda, tsarki uku ga wadda aka saka, wata 4 da kwana 10 ga mai takaba, kuma ko da yake an shar'anta idda don wasu hikimomi ne daban, tana ba da tazarar da gwaji zai iya gani. Namiji kuwa ba shi da idda. Yana iya rabuwa da wata yau, a ɗaura masa da wata jibi. Saboda haka ta ɓangarensa ne ƙofar ta fi zama a buɗe, amma sau da yawa bazawara ake tsare wa ido a ce ta kawo takarda.

Hukumomi sun fara lura da wannan. Hukumar Hisba ta Kano tana gwada ma'aurata tun da ta fara aurar da zawarawa a 2012, haka kuma aka yi a auren mutum 1,800 da amarensu a watan Oktoba 2023. A watan Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta hana ɗaura aure a Jihar Kano sai da takardar gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da na sikila, tare da tarar da za ta iya kai Naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5 ga wanda ya saɓa. Mutanen Kazaure da Roni da Babura, waɗanda ke auratayya da Kanawa dare da rana, wannan doka ta shafe su. Amma doka takarda take iya nema, ba ta iya shiga zuciya. Wanda ya san abin da ya yi mako biyu kafin ɗaurin aure, ya kawo takarda mai tsabta ya miƙa wa waliyyi, ya cika doka, bai cika amana ba. Wanda ya sayi takardar jabu, da ma'aikacin da ya sayar masa, sun yi tarayya cikin shaidar zur da duk abin da ya biyo baya.

Waɗansu sukan ce gwaji rashin tawakkali ne, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Amsar wannan tana cikin abin da ya faru ga Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham, ya isa Sarga, aka gaya masa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, sai Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai zaɓa. Ruwayar da ta kore yaɗuwar cuta kuwa, malamai sun fassara ta da cewa cuta ba ta tsallakawa da ikon kanta sai da izinin Allah, ba wai an hana riƙo da sababi ba. Manomin Roni ba ya barin iri a rumbu ya ce ya dogara.

Waɗansu kuma sukan ce neman gwaji munana zato ne ga ɗan mutunci. Wannan ya taso ne daga kuskuren ɗaukar cewa duk mai irin wannan cuta mazinaci ne. Ba haka ba ne. Ana samun ƙanjamau da ciwon hanta ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allurar da aka yi wa wani, da askar wanzami wadda ba a tsabtace ba, ana kuma haihuwar yaro da su. Mace kamila takan gaje su daga mijin da ya rasu. Saboda haka sakamakon gwaji ba shaidar zina ba ne a Shari'a, kuma wanda ya jefi wani da alfasha don an ga cuta a jininsa ya shiga haɗarin ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne. Ma'aikacin asibitin da ya fitar da sirrin majiyyaci ya ci amana, kuma dokar Nijeriya ta 2014 ta hana nuna wa masu ɗauke da HIV wariya. A nan ne rufin asiri yake da cikakken wurinsa: a kan maƙwabta, da dangi, da 'yan zaman majalisa, waɗanda cutar ba za ta taɓa su ba. Tsoron bakinsu ne yake hana mutane zuwa asibiti, ya tura su wurin mai kemis su sayi ƙwaya biyu, ko wurin mai lasifika a kasuwa wanda ke kiran kowane ciwo sanyi. Maganin da aka sha rabi yana kwantar da alama ne ya bar ciwon, har ya koya wa ƙwayar cutar jure magani. Duk wanda ya yi da wani mai cuta a bakin masallaci, yana da kamasho a cikin shirun wanda zai ɓoye tasa gobe.

Ya kamata kuma a san cewa sakamako marar daɗi ba yankan kauna ba ne. Ciwon sanyi da kilamidiya da tunjere ana warkewa sarai. Maganin ƙanjamau, wanda Gwamnatin Tarayya ta mai da shi kyauta a 2006, ba ya fitar da ƙwayar, amma yana danne ta, kuma an tabbatar cewa wanda ya dage da sha har aka daina ganinta a ma'aunin jini ba ya sanya wa abokin shimfiɗarsa. Uwa mai ɗauke da ita, in ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 sukan kamu, in kuwa da magani sai adadin ya sauko ƙasa da 5. Wanda ya sani ya faɗa, aka aure shi a kan sani, aurensa ingantacce ne, domin zaɓin da Shari'a ta bayar haƙƙin wanda aka ɓoye wa ne, in ya yarda ya sauke shi.

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki nasa. Waliyyi ya nemi gwaji daga ɓangarori biyu ba tare da bambanci ba, kuma ya fi kyau a yi tun ana sa rana, a maimaita dab da ɗaurin aure, don tazarar nan ta wata 3 ta cika. Mai ƙara aure ya tuna uwargida tana da haƙƙi a cikin wannan gwaji, tun da jikinta zai shiga cikin abin da ba a yi shawara da ita ba. Mai ciki ta je awo a gwada ta. Limamai da masu wa'azi su faɗi haramcin zina kamar yadda suka saba, domin kamewa ita ce katangar farko, sa'an nan su ƙara da hukuncin wanda ya riga ya faɗa, kada su bar shi da rabin fatawa. Shi kuwa wanda ya tuba, ya sani cewa zaman da zai yi a bencin asibiti yana jiran sakamako, da kunyar da zai haɗiye, suna cikin cikar tubarsa, domin tuba daga abin da ya shafi bayi ba ta kammala sai an tsare su daga sharrinsa.

Allah Ya suturta Musulmi duniya da lahira, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya tsare zuriya daga abin da ba su jawo wa kansu ba. Allah ne Mafi sani.